Ba A Auna Hatsi Ranar Shuka

Ya ku 'yan makaranta, kun dai san abin da kan faru duk shekara in an ɗauki sabbin yara. Tun ba su gama sanin hanyar ɗakin cin abinci ba za ku ji an fara yanke musu hukunci. Wannan shi ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga, lalle zai yi nisa. Wancan kuwa da ƙyar aka ɗauke shi, ba zai kai labari ba. Mu ma da haka mu ke yi, har muka tafi ƙasar Amurka neman ilmi, muka tarad da mutanen da suka mai da wannan hali sana'a, da ma'auni da lissafi da kuɗi masu yawa. Labarin abin da muka gani can mu ke so mu ba ku yau, gama mun yi kuskure biyu a kansa, ɗaya bayan ɗaya, wani tsoho kuwa ya gyara mana duka biyun.

Mu biyu ne muka sauka gidan wani dattijo a wani ƙaramin gari na jihar Texas cikin 2021. Ya yi shekaru da yawa yana koyar da lissafi a makarantar sakandare, da maraice kuma yana horad da yara wasan ƙwallo, har tsufa ya zaunad da shi. Baba mu ke ce masa, shi kuwa ya ce mana yarana. A wurinsa muka koyi wasan nan da Amurkawa su ke kira ƙwallon ƙafa.

Kada ku ɗauka irin wanda ku ke bugawa ne a filin makaranta. Ƙwallonsu mai tsawo ce, da tsini a kai da gindi, kamar 'yar gwanda, galibi kuma da hannu a ke ɗaukarta a ruga, ko kuwa a jefa wa wani ya cafe. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare, ko wanne da kwalkwali a ka, don wasan na bangaza ne da kayarwa. Waɗanda ƙwallo ke hannunsu a kan ba su dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ta koma hannun abokan karawarsu. Akwai ƙarti biyar a sahun gaba, aikinsu su tare maƙiya. A bayansu akwai mai jifa, watau madugun ƙungiya, wanda kusan kowane yunƙuri ta hannunsa ya ke bi.

A kwalejoji wasan nan ya tashi. Cikin 1869 kwalejin Rutgers da ta Princeton suka yi karawar da a ke lissafawa ta fari, tun daga nan kuwa abin ya yi ta girma, har filin jami'ar Texas A&M, wadda Baba ke goyon baya, ya kan ɗauki mutum fiye da dubu ɗari. To, ga inda wuyar ta ke. Ɗan wasan kwaleji ɗalibi ne, 'yan shekaru kaɗan zai yi ya fita. Saboda haka kowace shekara sai ƙungiya ta rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta, tilas ta fita neman sabbi a makarantun sakandare. Masu horarwa su kan bi gari gari, su zauna da iyaye, su yi wa yaro alkawarin karatu kyauta, da abinci, da wurin kwana, in dai ya zo ya buga musu. Wannan farautar yara ba sabon abu ba ne, gama tun cikin 1929 Gidauniyar Carnegie ta fid da wani babban rahoto a kan wasannin kwalejoji, ta yi tir da yadda a ke zawarcin yara da ba su kuɗi a ɓoye.

Abin da zamani ya kawo shi ne taurari. Akwai kamfanoni, irin su Rivals da 247Sports, waɗanda ba su da aiki sai auna yaran nan. Su kan duba hotunan wasanninsu, su auna tsawonsu da nauyinsu, su ga cikin daƙiƙa nawa su ke gudun yadi arba'in, sa'an nan su ba ko wanne taurari. Fiye da yaro miliyan ɗaya ke wasan nan a makarantun sakandare na Amurka, amma masu taurari biyar ba su wuce talatin da 'yan kai a shekara. Masu huɗu 'yan ɗaruruwa ne, masu uku kuwa da yawa ƙwarai. In yara suka sa hannu a takardun kwalejoji, waɗansu cikin Disamba, waɗansu ranar Laraba ta farkon Fabrairu, sai a tara makin kowace kwaleji, a ce wance ce ta ɗaya a ɗaukar bana, wance ce ta biyu, har ƙasa. Manyan mutane masu furfura su kan bar aikinsu ran nan, su zauna suna kallon yaro ɗan shekara goma sha bakwai ya ɗauki hular kwalejin da ya zaɓa ya sa a ka.

Ɗaukar 2022 a gabanmu aka yi ta. Mai horad da Texas A&M a lokacin, Jimbo Fisher, ya tara yara wajen talatin, takwas daga cikinsu masu taurari biyar, har masu lissafin 247Sports suka ce tun da suka fara awo ba a taɓa samun ɗauka mai yawan maki kamarta ba. Kai, ran nan garin ba a yi barci da wuri ba! Mu ma muka shiga murna, ko da ya ke watanninmu kaɗan da sanin wasan. Muka shigo gida muna cewa, “Baba, albishirinka! Kofi ya zo gida.”

Baba bai ce mana kome ba tukuna. Ya tashi ya ɗauko wani tsohon littafi mai baƙin bango, irin wanda malamai ke kiran suna da shi, ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunayen yaran nan duka, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Sa'an nan ya ɗauki rula ya ja layi, ya fid da gida huɗu gaban kowane suna, ya bar su ba rubutu. Muka ce, “Baba, ina taurarin? Ba ka rubuta ba.” Ya ce, “Yarana, taurarin na masu jarida ne, sun riga sun rubuta. Gidajen nan huɗu su ne nawa, ba na kuwa gama cika su sai bayan shekara huɗu.” Muka dubi juna, muka ce a ranmu tsufa ne.

Kaka ta zo, aka fara wasa. Masana suka sa Texas A&M ta shida a duk ƙasar tun ba a buga ƙwallo ko ɗaya ba. Ran 10 ga Satumba 2022 sai ga wata ƙaramar jami'a, Appalachian State, wadda aka gayyato har da biyanta kuɗi don a sami wanda za a gwada ƙarfi a kansa, ta zo har gida ta cinye su, 17 da 14. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, shi ke tsone maka ido. Daga baya aka cinye su sau shida a jere. Shekara ta ƙare sun ci wasa biyar, an cinye su bakwai. Cikin Nuwamba 2023 jami'ar ta sallami Fisher, alhali kuwa yarjejeniyarsu ta tilasta ta biya shi fiye da dala miliyan 75. Yaran nan takwas da muka yi wa kirari, galibinsu suka kwashe kayansu suka koma waɗansu kwalejoji: Walter Nolen ya tafi Ole Miss, Evan Stewart ya tafi Oregon, daga baya mai jifarsu Conner Weigman ya koma Houston. Kuskurenmu na fari ke nan, mun auna hatsi ranar shuka.

Da kunya ta kama mu, sai muka faɗa cikin kuskure na biyu. Muka tashi muna cewa taurari ƙarya ce tsagwaronta, muka kuma nemo shaidu. Ga J. J. Watt, wanda aka ba taurari biyu kacal, ya bar kwalejinsa ta fari, ya yi aikin kai wa mutane abinci gida gida, ya shiga ƙungiyar Wisconsin a matsayin ɗan sa kai, watau wanda ke biyan kuɗin makarantarsa da kansa, ya ƙare sau uku ana zaɓensa gwarzon masu tsaron gida a babbar gasar ƙwararru ta NFL. Ga Baker Mayfield, shi ma ɗan sa kai ne da fari, ya ci kyautar Heisman cikin 2017, wadda a ke ba gwanin gwanayen kwalejoji, aka kuma ɗauke shi na ɗaya a zaɓen NFL na 2018. Ga Josh Allen, da ya gama sakandare ba wata babbar kwaleji da ta yi masa tayi, sai da ya bi ta wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu kafin Wyoming ta ɗauke shi. Ga Stetson Bennett, ɗan sa kai, wanda ya ja Georgia ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere, a kakar 2021 da ta 2022. Muka jera wa Baba waɗannan duka, muna jin mun zo da hujjar da ba ta karyuwa.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Mutum nawa kuka lissafa?” Muka ce huɗu. Ya ce, “Daga cikin nawa?” Muka yi shiru. Malamin lissafi ya motsa, ya jawo takarda ya yi mana misali. Ya ce a ɗauka ga kwando biyu na iri, ɗaya da ƙwaya talatin, ɗaya da ƙwaya dubu uku. In rabin na kwandon fari suka tsiro, an sami goma sha biyar. In ɗaya cikin ɗari na kwando na biyu suka tsiro, an sami talatin. Wanda ya zo gona ya ƙirga tsiro sai ya ce kwando na biyu ya fi kyau, alhali kuwa in ƙwaya ɗaya tak aka ce ya ɗauka ya shuka, mai hankali daga na fari zai ɗauka.

Sa'an nan ya juya littafinsa baya, har ya kai shafin 2008, inda ya rubuta ɗaukar jami'ar Alabama, don shi kowace shekara ya kan rubuta ta ƙungiyarsa da ta wadda aka ce ita ce ta ɗaya. Nick Saban ne ya tara yaran nan, a shekararsa ta biyu a can, bayan kakar da ba abin a zo a gani. Cikinsu akwai Julio Jones, da Mark Ingram, da Marcell Dareus, da Mark Barron, da Dont'a Hightower, su biyar ɗin nan kuwa duk a zagayen fari na zaɓen NFL aka ɗauke su. Ingram ya ci kyautar Heisman cikin 2009, shi ne ɗan Alabama na fari da ya same ta. Ƙungiyar ta ci kofin ƙasa a kakar 2009 ba a cinye ta ko sau ɗaya ba, ta sake ci a 2011 da 2012. Har wa yau wani marubucin wasanni, Bud Elliott, ya bi diddigi ya nuna cewa shekaru goma da 'yan kai a jere, har zuwa kakar 2024, ba wadda ta ci kofin ƙasa sai ƙungiyar da masu taurari huɗu da biyar suka rinjaya cikin yaran da ta ɗauka a shekaru huɗu na baya. Ashe Juma'ar da za ta yi kyau, sau da yawa, tun daga Laraba a kan gane ta.

Muka ce, “To, Baba, wanne za mu kama? Taurari gaskiya ne ko ƙarya?” Ya ce, “A kan taron yara su kan faɗi gaskiya, a kan yaro ɗaya kuwa zato ne kawai. Ku zo in nuna muku gidajena.”

Gida na fari, buƙata. Shin yaron da aka ɗauka, a wurin da ƙungiya ke da giɓi aka ɗauke shi? Masu tara maki ba ruwansu da wannan. In kwaleji ta ɗauki masu cafe ƙwallo guda shida, ko wanne da taurarinsa, makinta zai yi sama, amma ƙwallo ɗaya ce a fili, in kuwa ba ƙartin sahun gaba da za su tare wa mai jifa maƙiya, kafin ya ɗaga hannu an kai shi ƙasa. Ƙartin nan kuma su ne suka fi wuyar aunawa, gama yaro ɗan shekara goma sha bakwai jikinsa bai gama ƙosawa ba, a kan yi shekara biyu ko uku ana ciyad da shi, yana ɗaga ƙarfe, kafin ya iya tsayawa gaban ƙato ɗan shekara ashirin da biyu. Wannan gida kaɗai a ke iya cikawa tun ranar sa hannu.

Gida na biyu, zama. Ya zauna ko ya tafi? Da can yaron da ya sauya kwaleji sai ya yi shekara guda yana kallo ba ya wasa, don haka ba kasafai a ke sauyawa ba. Cikin 2018 aka buɗe wata rajista wadda duk mai son tafiya zai sa sunansa, cikin 2021 kuma aka ɗauke hukuncin zaman shekara guda ga mai sauyin fari. A shekarar nan ce aka yarda 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, cikin 2025 kuwa kotu ta amince kwalejoji su riƙa biyansu kai tsaye. Baba bai ga laifin yaran ba. Ya ce jikinsu ne ke karyewa, masu horad da su kuwa sun daɗe suna sauya sheƙa duk sa'ad da aka yi musu tayi mai tsoka. Amma ga mai awon ɗauka, yaron da ya tafi bayan shekara ɗaya tamkar bijimi ne da ka kiwata ya je ya yi wa maƙwabcinka huɗa. Walter Nolen ɗin nan, a zagayen fari aka ɗauke shi a zaɓen NFL na 2025. Masu taurari ba su yi kuskure a kansa ba, sai dai Ole Miss ce ta ci moriyar shekararsa mafi kyau.

Gida na uku, ƙaruwa. Yaron da ya zo, ya fi yadda ya zo, ko yana nan jiya i yau? Baba ya ce wannan gida masu horarwa ya ke aunawa fiye da yaran. Ya nuna mana sunan Barrett Jones a shafin 2008. Ba a sa shi wasa sosai ba a shekararsa ta fari, ya zauna ya koya. Daga nan ya riƙe matsayi uku dabam dabam a sahun gaba, duk inda aka sami giɓi aka ce ya koma sai ya koma, da shi kuwa aka ci kofunan nan uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Gida na huɗu shi ne na ƙarshe, a nan kuwa muryar Baba ta sauya. Takardar shaidar gama karatu: ya samu ko bai samu ba? Cikin 'yan wasan kwaleji da suka isa shiga zaɓen NFL, waɗanda a kan ɗauka ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran fa? Suna fita da gwiwa mai ciwo, da abin da ke cikin kansu, shi ke nan. Ya ba mu labarin Dexter Manley, shahararren ɗan wasa wanda ya yi shekara huɗu a jami'a, ya ci kofin ƙwararru sau biyu, amma cikin 1989 ya tsaya gaban wani kwamiti na majalisar dattawan Amurka ya faɗa da bakinsa, ya shekara da shekaru bai iya karatu sosai ba. An yi ta wuce da shi daga aji zuwa aji don yana iya kayar da mutane. Ya kuma ba mu labarin Myron Rolle, wanda ke cikin yaran da aka fi zawarci a 2006, ya buga wa Florida State, ya sami gurbin karatu na Rhodes ya tafi Oxford a Ingila, ya zama likita mai fiɗar ƙwaƙwalwa. Baba ya ce shi kansa akwai yaran da ya horar, ya raka su har tasha ran da za su tafi kwaleji, gari na yi musu tafi, bayan shekara biyu suka komo da sanda, ba wasa, ba takarda. Ya ce saboda su ya ƙara gida na huɗu, da can uku ne.

Mun baro Texas shafin 2022 bai cika ba. Ran da za mu tafi Baba ya buɗe mana shi, muka ga gida na biyu ya yi baƙi da alamar waɗanda suka tafi, na huɗu kuwa galibi fari fat, yana jira. Muka ce ko zai faɗa mana hukuncinsa a kan ɗaukar nan kafin mu tashi. Ya ce, “Ku rubuto mini wasiƙa in lokaci ya yi. Yanzu in na faɗa, na zama mai jarida.”

To, 'yan makaranta, wannan shi ne abin da muka komo da shi. In kuka ji an ce ƙungiya kaza ta yi ɗaukar da ba a taɓa yin irinta ba, ku yarda ta sami iri mai kyau, kada ku raina wannan, amma ku tambaya wa zai yi noman, su wa kuma za su zauna har kaka. Ku kuwa da aka jera sunayenku bana a jikin allo, na ɗaya har na ƙarshe, ku sani wanda ya jera ku bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ran jarrabawa shi ya rubuta. Sai dai gaban kowane suna akwai gidajen da ba a cika ba tukuna, ba kuwa mai jarrabawa ne zai cika su ba. Na ɗaya ya tuna da yaran nan takwas na Texas, na ƙarshe ya tuna da mai kai abinci gida gida. Malamanku kuma muna roƙonsu, in sun tashi yabon ajin bana ko kushe shi, su dakata sai shekara huɗu ta cika.